Tambayi Baba Mai Lambu: Hadari ya fara leƙowa, me za a yi wa bayan gida?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk kan magana ɗaya suka zo, wato lambun gida da shirin damina, kuma ban yi mamaki ba tunda ga mu cikin Maris, zafin bazara ya kankama har a nan Jos da ake mana gorin sanyi, kuma duk wadda ta je kasuwar Farin Gada sayen kayan miya da damina ta san tsadar da ta gani. Na zaɓo guda shida, sauran ku yi haƙuri sai wani makon.

Tambaya: Salam Baba, dan Allah ina da ɗan fili a bayan ɗakina bai fi taku shida a tsaye huɗu a kwance ba, ina ta kallon turawa a YouTube suna cewa yanzu ne lokacin shuka wai sifirin, toh mu nan yaushe ne namu, kuma me ya kamata in fara yi? Maigida yace wahalar banza zan yi. Daga wata matar aure, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Ki gaida maigidan, ki ce masa Baba ya ce ya ajiye wannan maganar sai ranar da aka zuba masa miyar alayyahun da aka yanko a bayan ɗaki.

Turawan da kike kallo abin da suke jira daban ne da namu. Su a Ingila da Amurka ƙasa ce take daskarewa da sanyi, sai wajen Maris zuwa Mayu ta saki, lokacin da suke kira sifirin kenan, shi ne suke ta murnar shuka. Mu ƙasarmu ba ta daskarewa, bushewa take yi, abin da muke jira ruwa ne. A Jos ruwa yakan fara leƙowa ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, ya zauna sosai a Mayu, ya yi ƙarfi Yuli da Agusta, ya ɗauke cikin Oktoba. Kinga kenan watan nan da muke ciki na gyaran ƙasa ne, shuka tana gaba, kuma wallahi mafi yawan lambun gida da na ga ya lalace tun a nan aka kuskure, ba a fafe gora ranar tafiya.

Farko ki tsaya ki kalli filin yini guda. Da gaske nake, ki leƙa da hantsi, ki leƙa da azahar, ki leƙa da la'asar ki ga inda rana take sauka da inda inuwar katanga ko ta mangwaron maƙwabta take rufewa. Tumatir, attaruhu, tattasai da kuɓewa suna son rana aƙalla awa 6, in ba su samu ba za su yi ta tsawo kamar sandar rake babu 'ya'ya. Gefen da inuwa take yawa ki bar wa ganye, su alayyahu, latas da lawashi, su suna haƙuri. Sannan ki ɗaga kai ki dubi bakin kwanon ɗakinki da indararo, duk inda ruwan rufi yake zuba kar ki tada kunya a wajen, ruwan Agusta ɗaya zai kwashe miki komai ya kai lungu.

Sai kaftu. Ki yayyafa wa wurin ruwa da yamma don ƙasar bazara tauri gare ta kamar siminti, da safe a sa fartanya ko shebur a juya ta zurfin taƙi ɗaya da rabi, wajen santimita 30 kenan, a tsince duwatsu da leda da fasassun kwalabe da guntayen bulo, ƙasar bayan gida a cikin gari ba abin da ba a samu a cikinta, ni da na fara nawa har tsohon takalmin roba da cokula biyu na tono. Ki damƙi ƙasar da ɗan danshi a hannunki. In ta dunƙule ta yi santsi kamar ta maginan tukunya laka ce, tana son yashi da taki mai yawa. In ta zube ta tsakanin yatsu jigawa ce, taki kawai take so. In ta dunƙule amma kina taɓa ta da yatsa ta wargaje, toh ki gode wa Allah.

Ga abin da nake so ki riƙe ko kin manta sauran. Masu lambun rani da kike gani a bakin rafin Dilimi fangali suke yi, wato su zurfafa wurin su yi masa baki don ya riƙe ruwa. Ke ta damina za ki yi, akasin haka ake yi, tada ƙasar za ki yi sama. Jos tana samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, kuma yawancinsa cikin 'yan watanni yake sauka, saiwar da ta kwana biyu cikin ruwa ruɓewa take. Ki yi kunya mai faɗi, faɗin mita ɗaya, tudunta taƙi ɗaya, ki bar 'yar hanya a tsakani da ruwa zai bi ke ma ki bi, yadda hannunki zai kai tsakiya ba sai kin taka ba. A filinki guda biyu ko uku sun isa. Kar ki ce sai kin shuka duk abin da kika gani a bidiyo, bana ki tsaya kan alayyahu, kuɓewa, yakuwa da gindi biyar ko shida na attaruhu, baɗi sai a ƙara.

Kuma ruwan farko mayaudari ne. Wata shekara aka yi mana ruwa mai kyau a ƙarshen Maris, ƙamshin ƙasa ya ɗebe ni na kwashe duk dashen tattasaina na zuba a kunya, daga nan sama ta yi shiru kusan sati uku, rijiyarmu kuma ta ja baya a lokacin, ina ji ina gani suka ƙone ɗaya bayan ɗaya. Yanzu sai an yi ruwa biyu ko uku kusa da juna, na tona da hannu na ji danshi ya kai taƙi guda, sannan nake shuka. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, a rediyo ma ana faɗa, ki saurara ki ji na Filato. In kina da rijiya ko tanki da za ki iya ban ruwa safe da yamma, wannan kam ko gobe ki shuka alayyahunki, ki gauraya irin da yashi kafin ki yafa don ƙanana ne sosai, sati uku zuwa huɗu kin fara yanka.

Tambaya: Baba barka da aiki. Akwai gidan kaji kusa da mu suna ba da kashin kaji buhu buhu da araha, wani kuma yace in kwaso ƙasar bola ta fi ƙarfi, wani yace takin zamani NPK kawai zan sa in huta. Wanne ne gaskiya? Daga wani ɗalibi, Rikkos.

Amsa: Ɗana kowannensu ya faɗi rabin gaskiya ya riƙe rabi. Kashin kaji taki ne mai ƙarfi, ya fi na shanu zafi nesa ba kusa ba, kuma zafin nan shi ne matsalarsa, in ka zuba ɗanye ka dasa a kai cikin kwana biyu za ka ga ganyen ya yi kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Banda haka ɗanyen kashi yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, kai kuma latas da kabeji ɗanye za ka ci. Abin yi shi ne ka karɓo shi yanzu, ka tara a gefe cikin inuwa, ka riƙa shimfiɗa shi hawa hawa da busasshen ganye da ɓawon kayan miya da 'yar ƙasa, ka jiƙa shi ya yi danshi kamar tsumman da aka matse, ka rufe da tsohon buhu, duk sati biyu ka juya. In ka cusa hannu a tsakiya za ka ji ɗumi, alamar yana aiki kenan. Wata biyu zuwa uku zai koma baƙi, warin ya tafi, ya yi ƙamshin ƙasa. In ba ka da wannan lokacin ka nemi wanda ya riga ya daɗe a tare, ko busasshen takin shanu da na awaki daga 'yan turke, ka juya shi cikin kunya sati biyu ko uku kafin shuka, kamar bokiti ɗaya a kowane taku ɗaya na kunya.

Ƙasar bola kuwa manoman lambu a Jos sun daɗe suna amfani da tokarta, ba ƙarya aka faɗa maka ba tana tada shuka. Amma bolar da can da ta yanzu ba ɗaya ba ce, ta yanzu batir ne da leda da robobi da sauran tarkacen waya aka ƙone a ciki, ni ba zan zuba wannan a inda jikokina za su ci ganye ba. Haka ƙasar tsofaffin ramukan kuza, kar ka ga yashi mai kyau a tare ka sa a kwaso maka a baro, ragowar wankin ma'adinai ce ba ta lambu ba. In toka kake so ta murhun icce ta isa, kuma tana da amfani a nan musamman saboda ƙasar Filato tana da tsami, toka tana rage shi. Ɗan barbaɗe ake yi ba tuli ba, kuma kar ka haɗa ta lokaci ɗaya da yuriya ko kashin kaji, ƙarfin takin ne zai bi iska.

NPK 15-15-15 ba laifi, amma abinci yake ba shuka, ba ya gyara ƙasa. Cikin murfin kwalbar lemo ɗaya ya ishi gindi guda, sati biyu bayan dashe, ka binne shi nesa da gindin kamar faɗin yatsu huɗu, kar ya taɓa jikin shukar.

Tambaya: Ranka ya daɗe ni haifaffen Jos ne aiki ya kawo ni Abuja, ina haya a Kubwa, tsakar gidan duk intalok ne mai gidan kuma bai yarda a fasa ko ɗaya ba. Ina kewar kabeji da karas da latas irin na gida, zan iya yinsu a buhu?

Amsa: Alhaji buhu kam zai yi, amma ka sani Jos ba ta biyo ka Kubwa ba. Abin da ya sa kabeji, karas, latas, koren wake da dankalin turawa suke jin daɗinmu tsayi ne, garin yana sama da teku da wajen mita 1,200, Abuja ko rabin haka ba ta kai ba, shi ya sa zafinku na Maris sai wanda ya gani. Irin latas in ƙasa ta yi zafi ƙin tsirowa yake, wanda ya tsiro kuma ya yi saurin tsawo ya yi ɗaci. Waɗannan ka bar su sai Nuwamba in hunturu ya shigo. Yanzu ka yi abin da ke son zafi da ruwa, kuɓewa, alayyahu, yakuwa, rama, lalo, attaruhu, gauta, ugu ma yana yi sosai a Abuja in ka ɗaura masa igiya ya hau katanga.

Ka samo buhunan shinkafa na kilo 50, ka naɗe bakin ya dawo rabi, ka huda gindin da gefen ƙasa wuri takwas ko goma da ƙusa mai zafi. Haɗin ƙasar kashi biyu baƙar ƙasa, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya yashi. Jar ƙasar da tifa ke kawo wa masu gini kar ka saya ko an ce kyauta, in ta bushe a buhu dutse take zama. Ka ɗora buhunan kan bulo ko katako, na farko ruwa ya samu hanyar fita, na biyu kar intalok ɗin ya yi tabo mai gida ya samu abin faɗa ranar sabunta haya. Attaruhu gindi ɗaya a buhu, kuɓewa biyu, kar ka yi kwaɗayi. Sai dai buhu yana saurin bushewa kuma rana tana cinye shi, damina ɗaya zuwa biyu ya yage, ka sa wannan a lissafi.

Tambaya: Baba ni tumatir ne ya ishe ni. Shekara biyu ina dasawa da damina, ya taso gwanin sha'awa ya yi fure har ya fara 'ya'ya, ana shiga Yuli sai ganyen ya yi baƙi baƙi kamar an ƙona, cikin sati ɗaya duk ya mutu. Wata tace min sharon ce, wata tace baki ne. Daga wata Hajiya, Bukuru.

Amsa: Hajiya Allah ya tsare mu da baki, amma wannan ba shi ba ne, kuma yadda kika kwatanta ba sharon ba ce. Sharon tsutsar wani ɗan ƙaramin malam buɗe littafi ce da masana ke kira Tuta absoluta, asalinta daga Kudancin Amurka, ita ce ta cinye tumatirin Kano da Kaduna da Katsina a 2016 har kwando ya gagari mutane. Ita cikin ganye take shiga ta yi hanya fara fara kamar an kankare, ta huda 'ya'yan, kuma ta fi ta'adi lokacin zafi da rani.

Naki ciwon ruɓar ganye ne mai zuwa da sanyi da danshi, wanda duk manomin dankali a Bokkos da Mangu ya san shi kuma yake tsoronsa. Tumatir da dankalin turawa dangi ɗaya ne, ciwonsu ɗaya. Shi ne ya ruɓar da dankalin ƙasar Ayalan tun daga 1845 ya jawo yunwar da ta kashe mutane wajen miliyan ɗaya, kinga ba ƙaramin abu kike faɗa da shi a bayan gida ba. Yanayin da yake so shi ne irin namu na Yuli da Agusta, hazo da safe, yayyafi yini guda, rana ba ta fito ta busar da ganye ba. In kika juya ganyen da ya fara baƙi da sassafe za ki ga wani fari fari kamar gari a bayansa, shi ne shaidar.

Gaskiyar da ba kowa zai faɗa miki ba, tumatirin damina a Jos wahala gare shi, shi ya sa yake tsada a lokacin. In kin nace, toh ki riga ciwon. Ki yi renon iri yanzu yanzu a tsohon baho ko kwali cikin inuwa mai haske, sati uku zuwa huɗu ya isa dashe, ki dasa cikin Afrilu da yamma kina taimaka masa da ruwan bokiti, yadda zai ba ki 'ya'ya a Yuni da farkon Yuli kafin ruwa ya yi nauyi. Ki ba su tazara sosai, kamu ɗaya ko fiye tsakanin gindi da gindi, wajen santimita 60, don iska ta riƙa ratsawa. Kowanne ki kafa masa sanda ki ɗaure da tsumma, ki cire ganyen ƙasa da ke taɓa turɓaya, ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin don kar ruwan sama ya riƙa fantsalo ƙasa kan ganye. In za ki ba da ruwa a gindi za ki zuba. Wanda ya fi duka aiki a wajena shi ne 'yar rumfa ta farar leda a sama, gefe a buɗe, ruwa ba ya dukan ganye, ga shi tana tare ƙanƙarar da takan faɗo mana a farkon damina ta yayyaga shuka. Kar ki sake dasawa a inda na bara ya mutu, ki sa kuɓewa ko alayyahu a wajen. Akwai maganin feshi mai suna mancozeb a shagunan kayan noma, amma rigakafi ne, kafin ciwon ya kama ake fesawa, kuma ki sa a karanta miki kwanakin da za a jira kafin a ci kamar yadda aka rubuta a jikin ledar. Wanda ya riga ya kamu ki tuge shi ki fitar daga gidan, kar ki jefa cikin tarin taki.

Tambaya: Baba zan iya matse irin tumatir da tattasan da na sayo a kasuwa in shuka? Irin gwangwani yayi tsada. Daga wata ɗaliba, Gangare.

Amsa: Za ki iya 'yata, zai tsiro, sai dai da yawan na kasuwa yanzu irin aure ne, wanda ake rubuta F1 a jikin gwangwaninsa, 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwar, sai ki ga wani ƙanana wani ba yawa. Attaruhu, kuɓewa, yakuwa da alayyahu na gargajiya kam ki ajiye irinsu ba matsala, daga wanda ya nuna sosai, ki shanya a inuwa. In kuma saye za ki yi ki duba kwanan watan da ke jiki, ni an taɓa sayar min da irin karas a wani shago, na yi ta ban ruwa sati uku ko ɗaya bai fito ba, ashe ya shekara nawa a kanta yana shan zafi. Tun daga nan kowane iri sai na gwada, in ɗauki ƙwaya 10 in naɗe a jiƙaƙƙen tsumma in sa a leda, bayan sati ɗaya zuwa kwana goma in buɗe, in bakwai ko takwas sun fasa mai kyau ne, in uku ne in mayar wa mai shi. Ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku sayi gwangwani ɗaya ku raba, ai ba gona za ki shuka ba. Karas kuma ba a dasa shi, inda zai zauna nan ake yafa shi.

Tambaya: Malam duk abin da na shuka kajin maƙwabta da ƙadangaru sun cinye tun yana tsiro, har mun fara samun saɓani da matar gidan. Daga wani magidanci, unguwar Ali Kazaure, Jos.

Amsa: Malam kar ganyen alayyahu ya raba ka da maƙwabci, kaza ba ta san iyaka ba. Kafin ka sa iri ko ɗaya a ƙasa ka fara yin shinge, ko na kara ko na tsofaffin buhuna da aka ɗinke aka ɗaure a turaku, ka binne bakin ƙasan don ta nan suke kutsawa. Wurin reno kuma ka kifa masa tsohon gidan sauro da ya yage, wanda aka daina kwana a ciki nake nufi ba sabon da aka raba don yara ba, ka danne gefen da duwatsu, ƙadangare da fara duk ba su da hanya. In tsiron ya kai taƙi ɗaya ƙadangare ya daina kula shi. Akuya ce dai ba ta da wannan kunyar, ita ko ya girma ci za ta yi, in akwai ta a layinku toh turakun su zama masu ƙwari kuma ƙofar shingen a riƙa ɗaure ta da waya, yara in sun shiga ɗebo ganye su ne ke barinta a buɗe.